An yi mini aiki a haihuwar fari, yanzu Hajiya ta ce sai dai in haihu a gida

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Ɗorayi, shekaruna 24. Haihuwata ta fari aiki aka yi mini, bayan na kwana biyu ina naƙuda a gidanmu inda na je goyon ciki, sai da na galabaita sannan aka kai ni asibiti. Allah ya raya yarinyar, yanzu shekararta biyu da rabi, ni kuma ina da ciki wata bakwai. Na fara awo a wata na huɗu, amma tun ranar da wata ma'aikaciya ta duba katina ta ce "ke ai mai aiki ce, sai ki shirya," ban sake komawa ba. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce 'yan asibiti da zarar sun ga tabo sai wuƙa, kuma ita 'ya'ya tara ta haifa a ɗakinta ba wanda ya ji ko tarinta. Kullum tana aiko mini da maganin zaƙi, ta kuma yi magana da wata maƙwabciyarmu mai aikin asibiti da ke karɓar haihuwa a gida, wadda ta ce idan naƙuda ta yi nawa za ta yi mini allura. Facalolina suna yi mini gorin ragwanci. Maigida direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu a hanyar Legas, ba ya iya musa wa Hajiya, kuma har yau yana tuna bashin da ya ci a aikin farko. Gaskiya ni ma ina so in haihu da kaina ko da sau ɗaya ne. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki, ya raba lafiya.

Ki koma awo a cikin makon nan, kada ki bari ya wuce. Kuma ko ana ha maza ha mata, wannan naƙudar ba a ɗaki za ki yi ta ba. Sauran abubuwan duk ana iya sasantawa da Hajiya, wannan ɗaya ne babu sasanci a cikinsa.

Amma burinki na haihuwa da kanki ba shirme ba ne, kuma ba lallai ne ya faskara ba. Maganar da ke yawo a gidajen suna, cewa wadda aka taɓa yi wa aiki ta shiga layin wuƙa ke nan har abada, ba haka take ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila ta ce a cikin mata huɗu da aka yi wa aiki sau ɗaya, aka kuma duba aka ga za su iya gwada naƙuda, kimanin uku sukan haihu da kansu. A manyan asibitocin Kano ma ana barin irin waɗannan matan su gwada. Sai dai dukkansu likita ne ya duba su tukuna, kuma a asibiti suka yi naƙudar, ɗakin tiyata yana kusa da su. Hanyar da za ta kai ki ga abin da kike so, ta cikin asibitin da kike gudu ta bi.

Tabon da kike gani a mararki na fata ne. Akwai wani a jikin mahaifa wanda ba kya gani, kuma shi ne abin lura. Buhun da ya taɓa yagewa aka ɗinke yana ɗaukar kaya sarai, amma ranar da za a danƙara masa hatsi har wuya, a wajen ɗinkin ake sa ido. A kimanin mace 1 cikin 200 masu gwada naƙuda a kan tabo, ɗinkin yakan buɗe, mahaifa ta fashe. Adadin ba shi da yawa, shi ya sa ake yarda a gwada. To amma wannan lissafi ne na matan da ake bibiya a asibiti, ba na wadda aka bari ta kwana tana murƙususu a gida ba. Idan abin ya faru, jini cikin ciki yake zuba, ba lallai ne a gan shi a zane ba, iskar da jariri yake samu ta mabiyiya kuma sai ta yanke. Mintoci ake da su, ba awanni ba. Sau da yawa alamar farko ita ce bugun zuciyar jariri ya canza, wannan kuwa sai mai sauraronsa a kai a kai ne zai gane. A gida, kafin a lura, a yi shawara, a kira maigida yana can wajen Jebba wayarsa ba ta shiga, a nemo mai adaidaita sahu da ƙarfe biyun dare, a fito daga lungu a hau titi, ki lissafa da kanki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne allurar nan. Sunanta oksitosin, kuma magani ne mai daraja, da shi ake tsayar da jini bayan jariri ya fito. Amma kafin ya fito, a asibiti cikin ledar ruwa ake sirka ta, ana ƙirga ɗigon da ke shiga, ana ƙarawa ko a rage ko a tsayar gaba ɗaya gwargwadon yadda mahaifa take amsawa. Duk da wannan taka-tsantsan, likitoci suna jinjina yin amfani da ita a kan mahaifa mai tabo, domin tayar da naƙuda ko ƙara mata ƙarfi da magani yana ninka haɗarin fashewa sau biyu zuwa uku. A gida kuwa zuƙa ake yi a soka a cinya lokaci ɗaya, kuma abin da ya shiga ba ya fitowa. Haka ƙwayar nan da ake sawa a ƙarƙashin harshe ko a gaba, misofrostol, ba a tayar wa mai tabo naƙuda da ita. Haka hawa kan ciki a danna don a taya mace nishi. Ba na zargin maƙwabciyarku da mugunta, wataƙila ta karɓi haihuwa da yawa lafiya. Amma "mai aikin asibiti" suna ne mai faɗi, kuma ungozomar da ta san aikinta, da ta ji an ce tabo, ita da kanta za ta ce ba da ita ba. Ko da ƙwararriya ce, babu ɗakin tiyata a jakarta, babu jini.

Maganin zaƙi ki dakata da shi. Ba wanda ya san me aka haɗa a ciki ko yawan da ya kamata a sha, kuma a cikin saiwoyi da ganyayyaki akwai masu sa mahaifa ta riƙa ɗaurewa. Ki faɗa wa likita kina sha, kada ki ɓoye, ki kuma roƙe shi ya faɗi hukuncinsa a gaban wanda ya raka ki. Kin ga daga nan magana ta tashi daga "na ƙi" ta koma "likita ya hana."

Ma'aikaciyar da ta jefa miki waccan maganar ba ta kyauta ba, kuma wataƙila ba ta san ta kori mai ciki daga awo wata uku ba. Ba ita ce mai yanke hukunci ba. Likita ne zai zauna da ke, kuma ga abin da zai duba. Zai so ya san dalilin aikin farko. Idan jaririyar ce ta zo a gicciye ko a zaune, ko ta gaji, wannan dalili ne da ba lallai ya maimaitu ba. Idan kuwa ƙugu ne ya yi mata kaɗan, to damar haihuwa da kai tana raguwa, kuma ba zan ɓoye miki ba, naƙudar kwana biyu tana sa a yi wannan tunanin, ko da yake wani lokaci kwanciyar kan jariri ce ba ta yi daidai ba. Zai duba irin yankan da aka yi wa mahaifar, na kwance a ƙasa ne, wanda shi aka fi yi kuma ya fi ƙwari, ko na tsaye, wanda ba a gwada naƙuda a kansa. Tabon fata ba ya nuna wannan, sai takardun aikin, saboda haka idan da hali ki koma asibitin da aka yi miki, ko ki nemo katin sallamarki. Tazarar da kika samu tana gefenki, domin an fi so a samu aƙalla wata 18 tsakanin aiki da haihuwa ta gaba, ke kuwa kin wuce haka. Za a yi sikanin a ga girman jariri da kwanciyarsa, a kuma ga inda mabiyiya ta zauna. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mai tabo, domin takan sauko ta tare bakin mahaifa, wani lokaci ma ta manne a kan tabon, kuma mace ba ta da hanyar sanin haka a gida sai jini ya ɓalle.

Ban da maganar tabo ma, watannin da kika tsallake ba na wasa ba ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas, kuma biyar daga ciki a watanni ukun ƙarshe suke, wato inda kike yanzu. Akwai Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa wata-wata, akwai allurar tetanus, akwai ƙwayoyin ƙarin jini, akwai gwajin jini da fitsari. Hawan jinin masu ciki, wanda ake ƙirgawa daga 140 bisa 90, yakan shigo shiru ba ciwon kai ba komai, sai dai a ga mace ta fara jijjiga.

Idan bayan duk wannan likita ya ce aiki za a sake, ki karɓa. Aikin da aka shirya, wanda akan sa a wajen mako na 39, da safe, kin huta, jininki an auna, an tanadi na ƙari, ba ɗaya yake da wanda aka yi miki kina a galabaice bayan kwana biyu ba. Yawancin wahalar da kike tunawa ta naƙudar da ta gabaci aikin ce. Kuma facalolinki su sani, naƙudar da ta toshe irin taki, in ba a ciro jaririn ba, kansa ne yake danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Daga nan yoyon fitsari yake samo asali, kuma cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Murtala don gyaran irin waɗannan matan aka kafa ta, yawancinsu ga ciwo ga rashin jaririn. Ke kin fito da 'yarki a hannu, kina riƙe fitsarinki. Ban ga ragwanci a nan ba.

Ba kowane wuri mai allon asibiti ne ya dace da ke ba. Ƙaramin asibitin unguwa yana da amfani wajen awo, amma haihuwarki tana bukatar inda ake tiyata dare da rana, da likita a kusa da wurin ajiyar jini, irin su Asibitin Murtala a Ƙofar Mata, Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya, ko Asibitin Nasarawa. In na kuɗi ne kuka zaɓa, ku yi tambaya ƙarara: idan abu ya ɓaci da ƙarfe ukun dare, a nan za a yi aikin ko tura mu za ku yi? Asibitin gwamnati akwai layi, akwai sammako, wani lokaci akwai tsawa. Ki toshe kunnenki ki karɓi abin da ya kai ki.

Yanzu maigida. Tsoronsa na bashi gaskiya ne, kada ki raina shi, amma ki taya shi lissafin har ƙarshe. Kuɗin aikin da aka shirya sananne ne, ana iya tambaya yau a fara tari, ko adashi ne a shiga. Kuɗin mahaifar da ta fashe kuwa ba wanda ya san iyakarsa, ga ledojin jini, ga kwanaki a gado, ga jariri a ɗakin jarirai in an same shi da rai. Jihar Kano tana da tsarin haihuwa kyauta a asibitocinta tun 2001, ko da yake duk wanda ya taɓa raka mai haihuwa ya san akan rubuto abin da babu a ce a sayo a waje. A watan Nuwamba na 2024 kuma Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka sa cikin shirin. Ku tambaya a asibitin da kuka zaɓa ko yana ciki, da abin da ake bukata, tun yanzu, ba ranar naƙuda ba.

Kafin ya sake ɗaukar hanya, abu uku nake so ki samu daga gare shi. Ya raka ki awo sau ɗaya ya ji da kunnensa, domin namiji yakan ji maganar likita fiye da ta matarsa, haka Allah ya yi su. Ya ba da izini a fili, a gaban Hajiya da wani babba a gidan, cewa ko yana nan ko ba ya nan, da zarar ciwo ya fara a kai ki asibiti, kuma duk abin da likita ya ce a yi. Ke baliga ce, sa hannunki a takardar aiki ya isa, amma kin san gidajenmu, mata nawa ne aka zaunar ana jiran a samu maigida a waya. Sannan ya bar kuɗi a hannunki, ba a hannun wani ba, ya haɗa ki da mai mota ko mai adaidaita ɗaya ko biyu da za su ɗaga waya da tsakar dare, ya kuma nemi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini, a gwada su tun da wuri.

Hajiya kuwa ba abokiyar gaba ba ce, kuma kada ki yi gardama da ita baki da baki, ba za ki ci riba ba. Abin da ta faɗa game da kanta gaskiya ne, ta haifi tara a ɗaki. Amma ba a taɓa yanka mahaifarta ba. Kuma idan aka zauna da ita cikin natsuwa, ita ma za ta iya lissafa sa'o'inta da aka ce sun tafi wajen haihuwa. Har yanzu abin bai zama tarihi ba: ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Ki nemi wanda take jin nauyinsa, yayanta ne, ko malamar Islamiyyarsu, ko mahaifiyarki ta zo takanas ta gaishe ta su yi magana irin ta manya. Hujjar da na ga ta fi shiga zuciyar iyaye ita ce wannan: idan mahaifa ta fashe, wani lokaci ba ta ɗinkuwa, sai a cire ta gaba ɗaya don a ceci rai, mace mai shekara 24 ta gama haihuwa ke nan. Wadda aka yi wa aiki a tsare kuwa tana iya sake haihuwa, ana samun masu aiki uku har huɗu. Hajiya jikoki take so, a nuna mata ta inda za su fi zuwa. Kuma ki ba ta matsayinta. Ki roƙe ta ta raka ki awo, ta riƙe miki addu'a, a ce ita ce za ta fara karɓar jaririn a asibiti. Tsohuwar da aka sa a gaba ba ta cika tare hanya ba.

Ko da kin haihu da kanki, kada ki yi gaggawar neman sallama. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego, kuma ido yana raina yawansa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ya zuba, tare da haɗa magungunan a ba da su lokaci ɗaya, ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100. A ɗaki kuwa da tsumma ake aunawa.

Idan kin dawo gida, a bar Hajiya ta yi hidimar jegonta, amma ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kuma idan aiki aka yi kada a fyaɗa ganye a kan ɗinki. Kunun kanwa a sassauta, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ta ɗaga jini, ta wahalar da zuciya, yankinmu kuwa yana cikin inda aka fi samun ciwon zuciyar masu jego. Haki, kumburi, ko kasa kwanciya sai an jingina, duk na komawa asibiti ne. Kafin a sallame ki, ki nemi a rubuta miki abin da aka yi dalla-dalla, ki kuma yi maganar tazarar haihuwa tun kina can.

Daga yau har ki haihu, idan kin ga jini ko kaɗan ne, ko faya ta fashe, ko ciwo a kan tabon da ba ya lafawa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko zazzaɓi, ko motsin jariri ya ragu, ba a jiran gari ya waye. Ranar naƙuda ma kada ki yi irin dauriyar da aka koya mana, ta a ɓoye ciwo sai kai ya kusa fitowa. Da ciwon mara da baya ya fara zuwa yana komawa, ki ɗauki jakarki da katinki ki tafi, kuma tun daga bakin ƙofar ɗakin haihuwa, kafin a tambaye ki, ki ce an taɓa yi miki aiki.

Allah ya sauke ki lafiya.